Idan Launin Monita Ya Juye: Yadda Ake Gano Inda Ciwon Yake Kafin a Kashe Kuɗi

Da yawa daga cikin monitocin da ke aiki a shagunan buga takardu na Kano, da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, da ofisoshi, na hannu ne. Sun sha aiki a ƙasashen waje kafin su iso Beirut Road ko Sabon Gari, sannan su zo su tarar da zafin bazara da ƙurar hunturu da wutar da ba ta zama wuri ɗaya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana ka kunna ka ga fari ya koma ruwan ɗorawa, ko fuskar mutum ta yi kore, ko duk allon ya rine da ruwan hoda. Abin da ke ba mu takaici shi ne saurin yanke hukunci: sai a ce sikirin ya mutu, a jingine shi a lungu, a tafi neman wani. Alhali sau tari laifin wata siririyar allura ce guda ɗaya da ta lanƙwashe a bakin waya.

Kafin hoto ya iso idonka yana ratsa wurare huɗu: kwamfutar kanta, wayar da ke ɗauko hoton, bod (faifan da ke ɗauke da kayan lantarki) da fitilar da ke cikin monita, sai gilashin. Aikinka shi ne ka gano wanne ne a cikinsu, kuma ka fara da wanda bai buƙatar sukundireba.

Gwajin farko, ba tare da an kwance komai ba

Danna maɓallin Menu na jikin monita. Wannan akwatin da ya fito monita ce ke zana shi da kanta, babu hannun kwamfuta ko waya a ciki. Dubi farin rubutun da ke cikinsa. Idan fari ne tas, amma hoton da ke bayansa a rine yake, to fitila da gilashi lafiyarsu ƙalau, sai ka koma kan waya, ko bakin da ake soka ta, ko kwamfuta. Idan kuwa shi ma akwatin ya rine da launi iri ɗaya, matsalar tana cikin monita. Domin ka tabbatar, zare wayar hoton gaba ɗaya ka bar ta wuta kawai, ka dubi akwatin nan da ke cewa babu sigina. Monitocin Dell da yawa suna da gwajin kansu, wanda ke cika allo da ruwan toka, sannan ja, kore, shuɗi, baƙi da fari, ɗaya bayan ɗaya. Maɓallin da ake riƙewa ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, amma idan taka tana da shi, babu gwajin da ya fi shi gaskiya.

Na biyu, sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta, ta hanyar danna maɓalli tana tashi: F10 a yawancin HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo. A nan Windows bai tashi ba tukuna. Launi daidai a BIOS amma a juye bayan Windows ya buɗe, wannan saiti ne ko direba (manhajar da ke tafiyar da katin hoto, wato sashen kwamfuta mai fitar da hoto), kada ka taɓa waya ma. Na uku kuwa shi ne musanya: ari wayar maƙwabcinka na shago, ko ka jona monitar a laftof. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji. Wanda ya canza waya da kwamfuta lokaci guda, ko da hoton ya gyaru, bai san mai laifin ba, kuma gobe zai sake faɗawa.

Wayar VGA, inda aka fi samun matsalar

Wayar nan mai shuɗin kai tun 1987 kamfanin IBM ya fito da ita, kuma har yau ita ce ke riƙe da yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur. Allurai 15 ne a bakinta, layi uku, biyar-biyar. Kowane launi da hanyarsa daban: allura ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. Ta 6 da ta 7 da ta 8 su ne hanyoyin dawowar waɗannan ukun, ta 13 da ta 14 kuma su ke riƙe hoton kada ya yi rawa. Tunda fari a monita haɗin ja da kore da shuɗi ne, duk wanda ya yanke a cikinsu, sauran biyun ne za su mamaye allo. Don haka launin da kake gani shi ke faɗa maka allurar da za ka duba. Allo ya yi rawaya: shuɗi ya ɓace, dubi ta 3. Ya yi ruwan hoda mai duhu zuwa shunayya: kore ne babu, dubi ta 2. Ya yi shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, jan rubutu ya koma baƙi: ja ya yanke, dubi ta 1.

Kashe kwamfuta da monita duka kafin ka zare. Wannan ba tsoro ba ne kawai. Gidaje da shaguna da yawa soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, shi ya sa wani lokaci jikin kwamfuta ke ɗan jan mutum, kuma soka waya a irin wannan hali tana kunne na iya ƙona hanyar shigar hoton. Haska bakin wayar da tocilan. Allurar da ta lanƙwashe ana miƙar da ita a hankali da ɗan hantsaki, sau ɗaya, domin idan ka yi ta kai ta kana kawo ta, karyewa za ta yi. Wadda ta nutse ciki ta fi sauran gajarta kuwa ba ta gyaruwa. Kada ka damu idan ka tarar babu ta 9, wasu wayoyin haka ake ƙera su. Ramukan da ke jikin monita da kwamfuta kuma ƙura na cika su, sai a goge da busasshen buroshin haƙori da ɗigon sifirit, a bari ya bushe. Ban da ruwa, ban da fetur.

Idan allurai duk a miƙe suke, saka mitar awon wuta ta masu gyara a wajen ƙara, inda take kuka idan waya ba ta yanke ba, ka taɓa ta 1 a wannan kai da ta 1 a wancan, haka ta 2 da ta 3, kana lanƙwasa wayar kusa da wuyanta. Nan ne take karyewa ta ciki, musamman inda aka matse tebur da bango. Ƙarar ta ɗauke ko da na ƙiftawar ido, wayar ta tashi aiki. Wajen sayen sabuwa, nemi mai kauri, mai ƙullutu a kowane kai, wadda tsawonta bai wuce buƙata ba. Siraran nan masu arha su ke sa rubutu ya yi inuwa a gefen dama. Kuma a ɗaure kusoshin nan biyu na gefe. Mutane na raina su, amma rashin ɗaure su ne ke sa nauyin waya ya riƙa jan bakin har dalmar da ke riƙe da shi a bod ta tsage. Alamar hakan: ka sa sabuwar waya, launi bai dawo ba sai ka ɗaga kan wayar sama ko ka danna shi gefe. Gyaransa sake narka dalma a ƙafafun bakin, aikin mintuna kaɗan ga mai gyaran da ya san hannunsa. Idan monitar tana da bakin DVI ko HDMI, komawa can ya fi sauƙi.

HDMI da DVI da DisplayPort ba sa lalacewa ta wannan siga, domin lambobi suke aikawa. Wayarsu idan ta gaji sai ka ga ɗige-ɗige masu ƙyalli, ja ko kore, a wuraren duhu, ko hoto ya ɗauke ya dawo. Amma idan duk allon ya zama ruwan hoda ko kore ta HDMI, yawanci rashin jituwa ne: kwamfuta na aika launi da tsarin YCbCr, monita na fassara shi da RGB. Shiga manhajar katin hoto, ta Intel ko NVIDIA ko AMD, ka mayar da shi RGB. A wurin dai za ka ga zaɓi tsakanin cikakken zango, 0 zuwa 255, da taƙaitacce, 16 zuwa 235. Monitar kwamfuta cikakken take so. Idan aka ba ta taƙaitacce, baƙi zai koma ruwan toka, hoton ya yi fari-fari kamar an wanke shi. Ƙananan na'urorin da ke juya HDMI zuwa VGA su ma suna ɓata launi idan sun fara mutuwa, kada a manta da su wajen musanya.

Saiti

A Windows 10 da 11 akwai "Night light", wanda ke mayar da allo ruwan goro don hutar da ido da dare. A shagon da hannaye da yawa ke taɓa kwamfuta ɗaya, wani zai kunna shi ya tafi. Kashe shi a Settings, ƙarƙashin Display. Akwai kuma "Color filters", wanda idan an ba shi dama, danna Windows da Ctrl da C tare ke kunna shi, allo ya koma baƙi da fari ko launuka su birkice. Idan ba su ba ne, danna Windows da R, rubuta colorcpl, ka cire duk wani bayanin launi da aka liƙa wa monitar. Danna Windows da Ctrl da Shift da B kuma yana sake tayar da direban hoto nan take. Wata dabara: ɗauki hoton allo da Print Screen ka tura wa wayarka. Idan ɓarnar ta bayyana a can, monita ba ta da laifi ko kaɗan, katin hoto ne ko direbansa.

A jikin monita, nemi "Factory Reset" ka mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, sannan a sashen launi ka zaɓi 6500K ko sRGB. Zaɓin 9300K shuɗi yake sa fari ya yi. Mai amfani da VGA ya danna Auto bayan haka.

Tsohuwar monitar da ta ɗan yi rawaya ko'ina daidai wa daida ana iya lallaɓa ta. Bar ta a kunne minti 30 ta yi ɗumi, buɗe farin shafi, ka riƙe farar takarda a gefenta da hasken rana, ba na ƙwan ɗaki ba. Shiga inda ake saita ja da kore da shuɗi ɗaya-ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne tura shuɗi har ƙarshe. Rage ja da kore za ka yi kaɗan-kaɗan har farin ya daidaita. Haske zai ɗan ragu, wannan shi ne farashin. Danna Windows da R ka rubuta dccw, zai taimaka wajen ƙarasa saitin. Sai dai mu faɗi gaskiya: wannan ya wadatar ga mai buga wasiƙa da cike fom, amma mai zana katin biki ko kalanda ko bana kada ya amince da irin wannan monita. Zai daidaita fuskar amarya a allon da ke ƙarya, injin bugawa kuma ya fito da abin da ke cikin fayil, ba abin da ya gani ba.

Idan ciwon na ciki ne

Gilashin LCD ba ya ba da haske da kansa, fitila ce a bayansa. Tsofaffin monitoci masu kauri, waɗanda samansu ke zafi, siraran fitilu ne a ciki irin dogon ƙwan nan na ofis, guda biyu ko huɗu, a sama da ƙasa. Alamar tsufansu ba ta ɓuya: da safe ka kunna, allo ya fito ja ko ruwan hoda, bayan ɗan lokaci ya washe. Kullum lokacin washewar na ƙara tsawo. Wani lokaci rabin sama ne kawai ke ja, wato fitilar sama ta riga ta ƙasa gajiya. Ƙarshenta hoto zai fito na daƙiƙa biyu ya ɗauke, ƙaramar wutar maɓalli kuwa tana kunne. Haska tocilan a jikin gilashin daga gefe, idan ka hango hoton dishi-dishi, gilashi da bod ɗin hoto na da rai, hasken ne ya mutu. Idan za a canza fitilun a canza su duka, domin sabuwa da tsohuwa ba za su ba da fari iri ɗaya ba. Masu gyara da yawa yanzu cire su suke yi su sa layin LED mai aiki da bolt 12 da ɗan bod ɗinsa, kuma mu ma shi muka fi so. Fitilun nan akwai sinadarin makyuri mai guba a cikinsu, kada a fasa su, kada a bar wa yara su yi wasa da su. Bod ɗin da ke kunna su kuma yana fitar da ɗaruruwan bolt, yakan haura 1000 lokacin tashi.

Monitoci masu LED nasu tsufan daban ne. Farin LED asalinsa shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari rawaya. Zafi na cinye shafen, sai shuɗin ya fito fili, allo ya koma shuɗi-shuɗi ko shunayya, sau da yawa daga gefen da layin fitilun yake. Akasin haka ma na faruwa: faifan roba da fararen ledojin da ke baza haske a bayan gilashi su yi rawaya, kamar farar shadda da ta daɗe a ajiye. Na farkon canza layin LED ke maganinsa. Na biyun sai an samu matacciyar monita irinta an ciro.

Sai kafasito, ƙananan gwangwanayen nan da ke kan bod masu riƙe wuta su daidaita ta. Su ba kasafai suke rina allo da launi ɗaya ba. Nasu aikin shi ne hoto ya riƙa kaɗawa, layuka su riƙa tafiya, launi ya riƙa rawa, ko monita ta ƙi tashi sai an kunna an kashe sau da yawa, ta fi gardama da sanyin safiya. Idan aka buɗe bod ɗin wuta za a ga kansu ya kumbura ko ya tsiyayar da abu ruwan ƙasa. Waɗanda aka fi samu su ne masu 470µF da 680µF da 1000µF, na 16V ko 25V. A sa mai adadin µF iri ɗaya, bolt ɗinsa daidai ko sama da na tsohon, kuma lallai mai rubutun 105°C, ba 85°C ba. Dalili kuwa, ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar kafasito biyu, ga shi a Afrilu zafin Kano na kaiwa 40 tun kafin a haɗa da na cikin akwatin. A canza duk na layin, ba wanda ya kumbura kaɗai ba, a kuma lura da farin zanen da ke nuna ƙafar negatif, domin wanda aka juya fashewa yake yi. Babban kafasiton nan mai 400V ko 450V yana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare wuta. Ana sauke shi ta ƙwan fitila mai zare ko resisto, a auna da mita a tabbatar, ba da bakin sukundireba ba. Wanda bai taɓa wannan aiki ba, don Allah ya kai wa masu gyara. Sanin sunan ciwon ma ya isa ya hana a caje shi kuɗin abin da bai lalace ba.

Tunda an buɗe, a duba faffaɗar wayar da ta tashi daga bod ɗin hoto zuwa gilashi. Idan ta saki ko ta yi datti, sai gefen abubuwa ya riƙa fitar da ja ko kore, sararin sama a hoto ya yi tsalli-tsalli. A zare, a goge da sifirit, a mayar a miƙe, a kulle. Idan kuwa fuskokin mutane sun koma kamar nagetif ɗin hoton da, har a cikin Menu, ƙaramin bod ɗin da ke manne da gilashi ne, wanda ke raba ƙarfin wutar kowane mataki na haske. Mai ƙwarewa da injin iska mai zafi na iya canza ƙwayar da ta ƙone.

Akwai inda ya kamata a haƙura. Siririn layi ja ko kore ko shuɗi da ya miƙe daga sama har ƙasa, yana nan ko an zare waya, haɗin da ke bakin gilashi ne ya saki, kuma sai da inji na musamman ake mayar da shi. Cusa takarda a matse wurin na iya ɓoye shi na ɗan lokaci, amma yana dawowa. Tabo ruwan ƙasa a tsakiya, ko fatar allo ta yi ƙuraje tana warin tsami, ledar da ke manne a fuskar gilashi ce zafi da laima suka ruɓar. Duhu mai kama da taswira a ƙasan allo kuwa ruwa ne ya shiga, yawanci daga fesa ruwan goge gilashi kai tsaye. Kuɗin canza gilashi a tsohuwar monita mai inci 17 ko 19 yakan kai na sayen wata ta hannu, don haka a ajiye ta a ci moriyar bod ɗinta.

Masu tsohuwar monita mai ƙeya, wadda har yanzu ake gani a wasu makarantu, nasu ya fi sauƙi. Tabo shunayya ko kore a kusurwa maganaɗisu ne: sifika, ko fanka, ko sitabilaiza da aka ajiye a gefenta. A matsar da su, a zaɓi "Degauss" a Menu, allo zai yi ƙara ya girgiza. Idan bai fita duka ba a jira kamar minti 20 kafin a sake. Launin da ke ɓacewa ya dawo idan an bubbuga gefe, dalma ce ta tsage a bod ɗin wuyan kwalbar. Kada ka buɗe da kanka, akwai wajen bolt 25,000 a ciki.

Abin da ke tsawaita kwananta a garin nan

Rage haske. Monitar da ke kan 100 daga safe har dare ita ke fara juyewa, alhali a cikin shago rabin haka ya isa. Bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninta da bango, kada rana ta riƙa dukanta ta taga. Da hunturu a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, ba tana kunne ba, a riƙa share ramukan iskar bayanta da buroshi. Bulowa mai ƙarfi a bakin gilashi tura ƙura take yi tsakanin ledojin ciki, ta zama ɗigon da ba ya gogewa. Wajen goge fuska, a jiƙa ƙyalle mai laushi kaɗan, ba allon ba. Yawancin monitoci an rubuta 100 zuwa 240V a bayansu, wato ƙarancin wuta bai cika damunsu ba kamar bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da ita ko aka juya zuwa janareta. A kashe soket kafin a juya, a jira injin ya daidaita. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo da tsawa, a zare filogi.

Idan ta kama sai an sayi wata, tafi da filashi mai hotuna shida: fari, baƙi, ruwan toka, ja, kore, shuɗi, kowanne ya cika allo. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a kunna min wadda ba a kunna ba yau," domin jan tsohuwar fitila a sanyi yake fitowa, wadda ta wuni a kunne ta riga ta ɓoye shi. Ruwan toka ne ya fi tona tabo da rashin daidaiton haske, baƙi kuma ya nuna ɗigon da ya maƙale. Juya bayanta ka karanta wata da shekarar ƙira a jikin takardar. Monitocin HP da yawa suna nuna adadin awannin da fitilar ta yi aiki a sashen bayanai na Menu, a gwada biyu ko uku a ɗauki mai ƙarancin awanni. Gwada kowane baki da ke jikinta, VGA da DVI da HDMI, kana ɗan motsa kan wayar, sannan ku yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da ita idan launi ya juye, a rubuta a jikin rasit.